A duba bishiyar da ya zana kafin a tambayi garin ubansa

Duk lokacin da wani ya baje zane-zanensa a Kano, ko ya ɗora hotunansu a Facebook, akwai tambayar da ke riga kowace fitowa: "Wai ɗan ina ne?" Ga zanen Dutsen Dala, ga na gaɓar Challawa da rani, amma ba a kai ga kallonsu ba tukuna. In aka ce iyayensa daga Offa suka zo, a Sabon Gari ya tashi, sai ka ga an taɓe baki. In kuma aka ce Bakano ne gaba da baya, sai dai ya daɗe a Ingila, sai a ce ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da ya fi ba da haushi, sau da yawa gidan abincin da ake zaune ana wannan hira, bangonsa na ɗauke da zanen wani tsauni mai ƙanƙara a ka, da ruwa yana gangarowa, da bishiyoyi masu tsini irin na kalandar ƙasashen sanyi. Ɗan unguwa ne ya zana shi, wanda kaka da kakanni a cikin badala suke. Ba wanda ya taɓa ce masa baƙo.

Ra'ayina a nan shi ne, gado da ƙaura duka suna shiga hannun mai zanen daji da gona da sararin sama, kuma ana ganin sawunsu a aikinsa. Amma babu ɗayansu da ya isa ya zama takardar shaida. Mai zanen da bai san lokacin da gawo ke zubar da ganye ba, ko a gindin Dala aka yanke masa cibiya, bai san ƙasar da yake zanawa ba. Wanda ya sani kuwa, ko daga ina ubansa ya zo, a ba shi wuri.

Abin da gida ke ɗora wa yaro

Na farko shi ne addini, kuma bai kamata a kewaye shi ba. Yaron da ya tashi a Kano yana son zane, tun bai kai ko'ina ba zai ji gargaɗi kan surar abu mai rai. Zai kuma ji ruwayar da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Ibn Abbas ya ce wa wani mai sana'ar zane, in lallai sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Wannan fatawa ta buɗe ƙofa ɗaya ta saya wata, shi ya sa da yawa daga masu zanenmu suka karkata ga itatuwa da duwatsu da gini da gajimare.

Hakan na da tsadarsa a wajen aiki. Mai zanen da ya koyo a wata al'ada, in yana son nuna girman kuka, mutum yake tsayarwa a gindinta, ido ya auna. Wanda ya guje wa surar mutum sai ya nemo wani ma'auni: rumbu, ko dangar kara, ko keke a jingine, ko bakin rijiya da guga. In bai sa komai ba, kukar da mutum biyar ba za su zagaye ta da hannu ba sai ta fito kamar wani ɗan tsiro. Da yawa a nan suke faɗuwa, su ɗauka launi ne bai yi ba, alhali ma'auni ne babu.

Na biyu shi ne allo. Hannun da ya fara da alƙalamin kara da tawadar gawayi da ƙaro, layi ya fara sani kafin launi. Ba ya rawa, ba ya jan layi sau uku a wuri ɗaya. Amma zayyana shimfiɗaɗɗiya ce, gida-gida, ba ta da kusa ba ta da nesa. To in mai wannan hannu ya zo zana gona, sai ya zagaye kowane ganye da layi, na bishiyar da ke gabansa da na wadda ke bayan gari, duk da ƙarfi ɗaya. Nisa ya mutu ke nan. Gyaran shi ne ya koyi sakin hannu: abin da ke nesa a rage masa duhu, a rage masa kaifin baki, a bar shi ya narke cikin launin sama.

Wanda ya fi nuna inda wannan gado zai iya kai mutum ba ma ɗan Najeriya ba ne. Ibrahim El-Salahi, an haife shi a Omdurman ta Sudan a 1930, mahaifinsa malamin Alƙur'ani ne. Ya yi karatun zane a makarantar Slade da ke Landan a shekarun 1950, ya koma gida, aka ɗaure shi a kurkukun Kober a 1975 ba tare da shari'a ba. Daga baya ya zauna a Ƙatar, sannan ya tare a Oxford. A can Ingila, ƙasar da ba ta da wannan bishiya ko ɗaya, ya duƙufa kan jerin zane-zanen bishiyar da mutanen Sudan ke kira haraz. Gawo ce, wadda ke tsaye a gonakin Gezawa da Minjibir. A 2013 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya yi bajekolin aikinsa na tsawon rayuwa.

Jarrabawar gawo

Gawo na yin abin da sauran itatuwa ba sa yi. Da damina, lokacin da komai ya yi kore shar, shi tsirara yake, rassansa farare-farare da ƙaya. Sai ruwa ya ɗauke yake fitar da ganye. Shi ya sa manomi ba ya sare shi: ba ya yi wa gero inuwa lokacin da gero ke son rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa masu lanƙwasa kuma abincin awaki ne a tsakiyar rani.

Saboda haka duk zanen da ya nuna gero ya kai ƙugu, ga gawo a tsakiya ya cika da ganye, mai shi bai tsaya a gona ba. Kuka akasin haka take, da rani take zama fayau. Kuma kukar bakin gari ba irin ta cikin hotunan 'yan yawon buɗe ido ba ce. Tamu ana sassabe ta duk shekara don miya, rassanta guntaye ne masu dunƙulallen kai, gindinta da tabon inda aka ɓare ɓawo don igiya.

Haka abin yake tafiya. Goruba tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Giginya ba ta reshe, sai dai ta kumbura a sama da tsakiyarta. Ɗorawa da rani take rataye jajayen furanninta masu kama da ƙwallo. Shamuwa da ruwan farko take zuwa, ta tafi kudu in damina ta ƙare, don haka shamuwa a cikin hazon hunturu kuskure ne, komai kyan fukafukin da aka yi mata.

Wannan ilimi ba a cikin jini yake ba. Yaron da ya tashi a Zoo Road tsakanin gida da makaranta da waya, bai fi ɗan Enugu sanin gawo ba. Unguwanni irin su Giginyu da Ɗorayi da Kurna suna ɗauke da sunayen itatuwan da mazaunansu da yawa ba za su iya nuna maka su a daji ba.

Wanda ya tafi

Masu cewa gida ya bar shi suna da 'yar gaskiya, kuma gara a faɗe ta dalla-dalla.

Abu na farko da ke lalacewa shi ne haske. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Wajen ƙarshen Afrilu, da kuma wajen ƙarshen Agusta, rana kan tsaya a tsakar ka da azahar, inuwar bishiya ta taru a gindinta. Landan tana sama da digiri 51, rana ba ta taɓa hawa can ƙololuwa, inuwa kullum a kwance take, mafi yawan shekara kuma doguwa ce. Mai zanen da ya shekara goma a can, hannunsa zai saba da doguwar inuwa ba tare da ya sani ba. Sai ya zana kasuwar ƙauye da tsakar rana, amma inuwar ta La'asar sakaliya ce.

Sai sama. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hazo ya sauka, samanmu ba shuɗiya ba ce. Fari ne mai ɗan rawaya-rawaya, wani lokaci toka-toka, rana kuma wani farin faifai da za ka iya kallo ido da ido. Goron Dutse daga Dala sai ya zama inuwa kawai. Mai son kama wannan, fari zai zuba da yawa, ya sa ɗan launin rawayar ƙasa, sannan ɗigon shuɗi wanda bai fi kan tsinke ba. Wanda ke aiki da tunani daga nesa kuwa, shuɗin kwalba yake matsowa ya shafa, domin tunani yana ƙara wa komai launi.

Na uku ya fi muni, shi ne kasuwa. Mai saye a Turai ko Amurka yana da Afirkar da ke kansa: jar faɗuwar rana, bukka, budurwa da ƙwarya, bishiya mai shimfiɗaɗɗen kai. Ɗan ci-rani yana da kuɗin haya a wuyansa, sai ya ba shi abin da yake so. A haka za ka ga zanen da aka rubuta wa "Kano" a ƙasa, alhali bishiyar ta filayen Kenya ce, har da raƙumin dawa a gefe. Kuma Kanon da ya bari ita ce ke daskare a kansa. Kududdufan da ya sani an cike da yawansu an yi gini, badala ta zaizaye, wani sashe na Jakara an rufe shi an shimfiɗa titi, shi kuwa yana nan yana zana su kamar jiya.

Duk da haka, tafiya tana ba da abin da zama ba ya bayarwa. Wanda bai taɓa barin Kano ba bai san cewa ƙasarmu ja ce ba, domin bai ga baƙar ƙasa ya kwatanta ba. Bai san magaribarmu gajera ce ba, sai ya je inda rana ke shafe fiye da awa tana jan ƙafa. Wanda ya san haka, in ya dawo zana faɗuwar rana a Tiga, tun La'asar zai haɗa launukansa ya jera, domin ya san abin da yake da shi bai wuce minti ashirin da wani abu ba. El-Salahi bai rasa gawo don ya koma Oxford ba. Bambancinsa da mai raƙumin dawa shi ne ya san bishiyar tun kafin ya tafi, bai kuma bar mai saye ya zaɓa masa wata ba.

Wanda ya zo

Wannan ɓangaren bai ma kamata ya zama abin musu a Kano ba. Wangarawa sun zo a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Unguwannin baƙi irin su Agadasawa da Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi da Dandalin Turawa duk a cikin birni suke. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ta biyo baya. Jikan wanda ya sauka a tasha a wancan lokaci, ƙurar hunturu nawa ya shaƙa?

Tarihin zanen zamani a Arewa ma haka yake. Uche Okeke, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, Ibo ne da ya tashi a Kafanchan, kuma zanen uli, wato adon gargajiya da matan Ibo ke zanawa a jiki da bango, na wajen mahaifiyarsa ya ɗauko ya gina aikinsa a kai. Gani Odutokun, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello har rasuwarsa a 1995, a Ghana aka haife shi, iyayensa Yarabawa. A wasu ƙasashen ma, Thomas Cole da ake ɗauka uban masu zanen dazukan Amurka, a Ingila aka haife shi a 1801, sai yana saurayi iyayensa suka ƙaura.

Baƙo yana da nasa kurakuran, ba a musu. Wanda idonsa ya saba da kurmin kudu, kore yake zubawa fiye da kima, ya cika kowane lungu da ganye, domin fili yana ba shi tsoro. Ƙasar Kano kuwa gona ce mai bishiyoyi jefi-jefi, kowace da sararinta, ana hango nesa ta ƙarƙashinsu. Koren kwalba kuma ɗanye ne, sai an kashe shi da ɗan jan ƙasa kafin ya yi kama da ganyen da ƙura ta hau. Amma waɗannan kurakurai ne da damina biyu a gona ke gyarawa.

A gefe guda, bishiyar da ta fi kowace yawa a titunan Kano yau, darbejiya, daga Indiya aka kawo ta a zamanin Turawa. Mangwaro ma asalinsa can ne. Ban ji wanda ya ce a cire su daga zanen Kano ba.

Kayan aiki ma suna da garinsu

Wanda ya dawo daga waje da akwatin fenti yakan sha mamaki a watan Janairu. Damshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Fentin akirilik, wato fentin roba da ake sirkawa da ruwa, da yake ba shi lokaci a can, a nan kafin ya juya ya bushe a bakin buroshi. Dole ya riƙa matso kaɗan-kaɗan, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin takardar da yake haɗa launi a kai, ya ajiye 'yar kwalbar feshin ruwa a kusa. Fentin mai kuma kwanaki yake ɗauka bai bushe ba, ƙura ta bi ta manne, ba ta fita. Sai a jingine zanen fuskarsa na kallon bango, a ɗaki mai rufaffiyar taga. Katakon firam in ɗanye ne, rani zai murɗe shi, damina ta saki ƙyallen, gara kuma tana jira in aka ajiye a ƙasa.

A nan ne gado ke da abin bayarwa, in an tambaye shi. Ƙaron da Turawa ke haɗa fentin ruwa da shi, daga yankinmu ake kai musu, Sudan da Chadi da Jigawa da Yobe da Borno. Mai zane a Kano zai iya haɗa nasa. A samo jar ƙasa ko rawaya ko fara, a jiƙa a bokiti, a dama sosai. A bar ta kamar minti ɗaya yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman a wani mazubi. Wannan ruwa a bar shi ya kwana, a zubar da garau ɗin da ya taso, a shanya laƙar da ta rage, a niƙa ta lukui. Ƙaro kuma a jiƙa awo ɗaya a ruwan ɗumi awo biyu har ya narke, a tace da ƙyalle. Sai a riƙa zuba shi a garin kaɗan-kaɗan ana murzawa, a ƙara ɗan zuma don kada ya tsage, da ɗigon man kanumfari don kada ya yi funfuna.

Gwajin mai sauƙi ne. A shafa a takarda, in ya bushe a goga da yatsa. In ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana fashewa, ya yi yawa.

Sai dai kada son gargajiya ya rufe ido. Launin ƙasa ba ya kodewa, shunin marina irin na Ƙofar Mata ma yana da juriya daidai gwargwado. Amma zoɓo da gangamau, duk kyansu a ranar farko, rana na cinye su cikin ɗan lokaci. Wanda ya sayar wa mutum zanen da aka yi da su bai faɗa masa ba, ya cuce shi, ko da sunan al'ada ya yi.

"Ai zane ba darasin aikin gona ba ne"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma masu zanen kansu ne ke kawo ta. Suna cewa mai zane yana da 'yancin ya sa wa gawo ganye a watan Agusta in ransa ya so, ya yi sama ja, ya yi ƙasa shuɗiya.

Yana da shi. Bishiyoyin El-Salahi da yawansu ba su ma yi kama da bishiya ba, layuka ne a miƙe da a gicciye. Amma ana gane wanda ya san abu ya sauya shi da gangan, da wanda ya kwafo daga hoton intanet bai san me ya kwafo ba. Na farko in ka tambaye shi me ya sa, yana da amsa. Na biyu sai ya ce maka ai haka bishiya take.

Akwai kuma masu cewa maganar duk ta abinci ce: baƙo da ɗan waje sun fi samun shiga gidajen zane na Legas, sun fi iya Turancin neman tallafi, ɗan gida yana nan yana rubuta allon shago. Wannan koke gaskiya ne. Amma tambayar asalin wani ba ta ƙara wa ɗan gida ko sisi. Abin da zai ƙara masa shi ne wurin baje aiki a kai a kai, a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ko harabar makarantu, da malaman zane da za su fitar da ɗalibai daga aji su kai su Bagauda ko Falgore ko gonakin bayan Dawanau, sau ɗaya da damina sau ɗaya da rani, wuri ɗaya, bishiya ɗaya.

Masu shirya bajekoli kuma su sauya abin da suke rubutawa a 'yar takardar da ke ƙarƙashin zane. Maimakon jihar mai zane, a sa sunan bishiyar, da wurin da take, da watan da aka zana ta. Sannan a gayyato manoma biyu-uku daga Kura ko Bichi ranar buɗewa, a bar su su zagaya su faɗi abin da suka gani.